Wa Zai Biya Mai Zane?

Ɗan yayata da ke Anguwar Rogo, shekararsa 17, ya kawo mini wani littafin rubutu na makaranta da ya cike da zane tun daga bangon farko har na ƙarshe. Labarin wani ɗan dambe ne da ya baro ƙauyensu ya zo Jos neman wansa, wanda ya shiga haƙar kuza aka daina jin ɗuriyarsa. Kowane shafi ya kasa shi gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar mutane tana fitowa daga bakinsu cikin 'yar da'ira. Da baƙin biro da fensir kaɗai ya yi aikin, amma in ka dubi yadda ya zana zaren da aka naɗe hannun ɗan damben da shi, da yadda makaɗi ya karkata kai yana zuga shi, ka san yaron nan yana da ido. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: duk maganar da ke cikin littafin da Turanci take. Na ce masa, "Kai kuwa, ɗan dambe da makaɗinsa da 'yan kallo duk Turanci suke yi?" Sai ya ce, "Kawu, ai ban taɓa ganin komik da Hausa ba. In na sa Hausa sai in ga kamar bai zauna ba."

Tun ranar nake juya maganar. Harshen da ke da masana'antar fim tasa, da kasuwar littattafan hikaya wadda ba ta taɓa jiran gwamnati ba, da sassan rediyo daga Landan har Beijin, yaya aka yi yaro mai son zane ya girma a cikinsa bai taɓa riƙe labarin zane da harshensa ba?

A fara raba tsaki da tsakuwa, domin abubuwa uku ake cakuɗawa. Akwai zanen barkwanci na jarida, irin wanda Mustapha Bulama ke yi a Daily Trust, hoto ɗaya da ke ɗauke da saƙo ɗaya, ka gani ka yi murmushi ko ka ciji yatsa ka wuce. Akwai littafi mai hotuna, kamar Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda in ka cire hotunan labarin yana nan daram. Labarin zane kuwa, wanda yara ke kira komik, in ka cire hotunan babu sauran labari. Hotunan ne ke tafiya da shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma babban aikin yana faruwa ne a ɗan farin layin da ke tsakanin gida da gida. A littafin yaron nan, gida na farko ɗan dambe ya ɗaga hannu, na biyu abokin karawarsa yana ƙasa ƙura ta tashi. Naushin kansa ba a zana shi ba. Mai karatu ne ya kai shi a cikin kansa, kuma shi ya sa yake jin sa a jikinsa. Idan aka yi irin wannan labari mai tsawo, cikakke, aka ɗinke shi a littafi guda mai kauri, to ya zama abin da manyan masu karatu ke saya kamar kowane littafin adabi. Maus na Art Spiegelman, wanda ya ba da labarin yadda mahaifinsa ya tsira daga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, ya sami lambar Pulitzer a 1992. Marjane Satrapi ta zana ƙuruciyarta a Iran lokacin juyin juya halin 1979 a cikin Persepolis, da baƙi da fari kawai. Saboda haka batun ya wuce wasan yara.

In ka tayar da zancen a majalisa, amsar farko da za ka ji ita ce Bahaushe ba ya karatu. Wannan ba ta ko isa a tsaya a kanta ba. Duk wanda ya ga yadda littattafan soyayya suka mamaye ɗakunan mata tun daga ƙarshen shekarun 1980, ko ya ga yadda 'yan mata ke kwana da waya a hannu suna jiran marubuciya ta saki shafi, ya san ana karatu. Wasu su ce babu masu zane. Su ma su je tashar manyan motoci su dubi bayan tirela da gingimari, su dubi allunan masu aski da bangon makarantun yara, su kuma tuna cewa sashen zane na kwalejin Zariya da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ne ya koyar da manyan masu zane irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya tun gabanin samun 'yanci.

Maganar addini ita ce mai nauyi, kuma ba a tsallake ta. Akwai hadisai ingantattu da suka yi kashedi mai tsanani ga masu sawwara abu mai rai, kuma akwai malamai da suka ɗauki hanin a kan duk wani hoton mutum ko dabba da aka zana da hannu. A mazhabar Malikiyya, wadda aka daɗe ana bi a ƙasar nan, abin da aka haramta kai tsaye shi ne siffa mai jiki, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, irin gunki. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle an sassauta hukuncinsa, an sa shi a babin karhanci ko abin da barinsa ya fi. Fatawa ta malamai ce, kowane gida kuma da malamin da yake bi. Abin da na gani da idona shi ne tasirin saɓanin a cikin gidaje: uban da zai yi alfahari ɗansa yana zanen gini, zai yi shiru in aka ce ɗan yana zanen mutane. Yara da yawa masu hannu a nan suke ajiye fensir. Duk da haka, wannan bai isa ya bayyana komai ba. A Abu Dhabi ana buga mujallar yara ta zane mai suna Majid tun 1979, Masar da Turkiyya da Indunisiya duk suna da tsohuwar al'adar labarin zane. Darasin da ya fi shafar mu daga can shi ne na Naif Al-Mutawa, ɗan Kuwait, wanda a 2006 ya fito da jarumai da ya jingina baiwarsu da sunayen Allah 99. Niyyarsa ta alheri ce, amma ya sha suka mai zafi daga malaman Saudiyya. Mai zane a Arewa da ya bar abubuwa masu tsarki a inda suke, ya zana mai shayi da ɗan acaɓa da uwargida, ƙurar da zai tayar ba ta kai ta mai shirya fim ba.

To ina gizo ke saƙar? A wajen kuɗin aiki. Marubuciyar hikaya tana iya zama bayan isha'i da wayarta, kafin barci ya ɗauke ta ta rubuta babi guda, ta saki da safe. Jarinta caji ne da data. Mai zane ba shi da wannan gata. Ƙwararren mai zane a Amurka, wanda ba shi da wata sana'a sai ita, abin da aka saba shi ne ya gama shafi ɗaya a yini, shi ya sa littafinsu na wata-wata bai cika wuce shafi 20 zuwa 22 ba. Kuma ba shi kaɗai ke aikin ba. Wani ya rubuta labari, wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya sa launi, wani ya rubuta maganganun cikin da'ira. Mutum biyar a kan abin da mai karatu zai cinye cikin minti goma sha biyar. Wannan rashin daidaito tsakanin lokacin yi da lokacin ci shi ne ciwon sana'ar a ko'ina a duniya.

Mu buga lissafi na misali. A ce mai zane a Jos ya yarda a biya shi naira 10,000 a kan kowane shafi, wanda in ka raba shi da awannin aikin bai taka kara ya karya ba. Shafi 20 ya kama naira 200,000, ba a buga ko kwafi ɗaya ba, ba a biya marubuci ba. In za a sayar da babin ta waya a kan naira 300, sai an sami mutum kusan 670 da za su biya kafin a fitar da kuɗin mai zane kaɗai, kuma wata mai zuwa a sake samun su. Cikinsu kuwa mutum ɗaya ya isa ya tura babin zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane kyauta. In aka ce a buga a takarda, sai a ci karo da wani bangon. Masana'antun takarda da gwamnati ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe tun tuni, farar takarda daga waje ake shigo da ita, da dala. Daga watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin watanni. Bugun launi kuma faranti huɗu yake ci a inda baƙi da fari ke cin ɗaya. Duk mai gidan ɗab'i zai faɗa maka sai ka buga da yawa kafin kuɗin kowane kwafi ya sauko, kai kuma ba ka da tabbacin sayar da ɗari biyu.

Kowace ƙasa da labarin zane ya kafu a cikinta, amsar tambaya ɗaya ta samo: wa zai ciyar da mai zane a watannin da yake zane, kafin mai karatu ya biya? Amurka ta amsa da kamfani. Kamfani ya biya kuɗin shafi, ya buga da yawa a takarda mai arha, ya sayar a wajen masu jarida a kan santi 10, shi kuma ya mallaki jarumin har abada. Faransa da Beljiyam suka bi ta littafi babba mai bango mai tauri, mai launi, wanda mai zane kan shafe shekara a kansa bayan mawallafi ya ba shi kafin alƙalami. Wannan hanya sai inda ake da shagunan littattafai a kowace unguwa.

Ta Japan ce ta fi ba ni sha'awa, don ta fi kama da mu. Su mujalla suke bugawa mako-mako, mai kauri kamar bulo, a takarda mafi arha, baƙi da fari, ɗauke da labarai kusan ashirin na mutane daban-daban, kowanne babi ɗaya. Mai saye saboda labari biyu ko uku ya saya, amma sauran ma zai leƙa, ta haka sabon mai zane ke samun masu karatu a inuwar wanda ya riga ya yi suna. A cikin mujallar akwai katin da masu karatu ke cikewa su zaɓi labaran da suka fi so. Wanda ya daɗe a ƙasa a yanke shi, wanda ya karɓu a tattara babobinsa a buga su a ƙananan littattafai, a nan ne ribar gaske take. Mujallar Shonen Jump ta kai kwafi miliyan 6.5 a mako guda a tsakiyar shekarun 1990. One Piece na Eiichiro Oda, da ya fara fita a cikinta a 1997, ya wuce kwafi miliyan 500. Tsarin yana da muninsa, domin masu zanen can suna aikin da ke karya lafiya, amma dabarar a fili take: arha, a kai a kai, da haɗa kai a buga tare. Koriya ta Kudu ta ɗauki abin ta mayar da shi waya tun farkon shekarun 2000, ta hannun kamfanonin Daum da Naver. Suka jefar da shafi gaba ɗaya, suka jera hotuna a tsaye, mai karatu yana jan allo da babban yatsa. Babobin farko kyauta, na gaba ko ka jira ko ka biya.

Wanda ya san kasuwar littattafan Hausa zai ji kamar labarin gida ake ba shi. Marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ba su jira wani babban mawallafi ba. An buga littattafan ƙanana, a takarda mai arha, kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kuɗin na ɗaya ya buga na biyu, 'yan kasuwa suka kai su har Sakkwato da Maiduguri da nan Jos, masu haya suna bayarwa kwana biyu a dawo. Yau kuma marubuciya tana sakin shafukan farko kyauta, in labari ya kai inda ba a iya haƙuri sai ta ce littafin kuɗi ne, a tura ɗari uku ko ɗari biyar a asusu, a nuna shaida, a sa mutum a zaure. Tsarin Koriya ke nan, ba tare da kamfani ba, matan Arewa suka ƙirƙiro shi da kansu. Ashe hanyar sayarwa muna da ita, masu saye ma muna da su. Abin da ba a yi ba shi ne a haɗa mai zane da wannan kasuwa.

Dalili ɗaya shi ne samarinmu masu zane ba can suke kallo ba. Idonsu yana kan jarumi mai tashi sama, mai matsattsun kaya, domin shi suka gani a fim. Legas ma nan ta karkata, kuma ta yi abin a yaba. Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013, yana sakin labaran jarumansa kyauta a intanet, kuɗin shiga kuma yana fitowa daga ayyukan da kamfanoni ke ba su. Ayodele Elegba ya fara taron baje kolin komik na Legas a 2012. Roye Okupe ya kafa YouNeek, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dark Horse na Amurka a 2021, labarinsa Iyanu ya zama katun a Cartoon Network a 2025. Kamfanin Kugali suka yi katun ɗin Iwájú tare da Disney a 2024. Amma a lura da inda kuɗin yake fitowa. Kusan duk daga waje ne ko daga kamfanoni, da Turanci ake aikin, kuma littafin ya zama kamar tallar abin da ake fatan wata rana a mayar fim. Cikin masu zane ɗari, nawa ne Disney za ta kira? Okupe ya yi wani labari mai suna Malika, wanda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ya ga dukiya a yashe ya ɗauka ya gyara. Abin da ke yi mini ciwo shi ne yarinya a Zariya ba za ta iya karanta shi da harshen Amina ba.

Kuma Nijeriya ta taɓa samun labarin zane da talaka ke saya da kuɗinsa. Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a 1976, da Turancin kasuwa, da barkwancin titi, a hannun masu sayar da jarida, daga cikinta Papa Ajasco ya fito ya koma talabijin. Kafin ita, a ƙarshen shekarun 1960, iyayenmu sun yi rububin mujallar African Film ta kamfanin Drum, mai labarin Lance Spearman, wadda da hotunan kyamara aka shirya ta amma a tsarin gida-gida da da'irar magana. Dattawan da suka yi samartaka a Jos a lokacin har yanzu suna tuna ta.

Akwai wani nau'in labarin zane da Hausa da kusan kowa ya taɓa gani, sai dai ba ya ƙirga shi. Wato 'yan littattafan da ƙungiyoyin agaji ke rabawa a asibiti da makaranta, kan rigakafi ko wanke hannu ko zaman lafiya. Suna da amfaninsu, kuma su ne kusan kaɗai aikin da ke biyan mai zane a Arewa kuɗin kirki. Amma sun yi mana illa ta fuska biyu. Yawancinsu da Turanci aka tsara su aka fassara, sai ka ji uwa tana yi wa ɗanta magana kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Sannan sun koya wa mutane cewa labarin zane abu ne da ake bayarwa kyauta, kuma wa'azi ne. Ranar da kuɗin shirin ya ƙare, labarin ya mutu a shafi na goma sha biyu.

Da ni za a tambaya, sai in ce mai zane Bahaushe ya dubi Abidjan kafin ya dubi New York. Marguerite Abouet ta rubuta Aya de Yopougon, Clément Oubrerie ya zana, aka buga a Faransa a 2005. Babu mai tashi sama a ciki. 'Yan mata ne uku a wata unguwa a ƙarshen shekarun 1970, da samari, da iyaye, da cikin shege, da uban da ke da wata iyali a ɓoye. Ya ci kyauta a bikin labaran zane na Angoulême a Faransa a 2006, aka fassara shi harsuna da dama, aka yi fim ɗinsa. A nan gida, mawallafan Cassava Republic da ke Abuja sun buga On Ajayi Crowther Street a 2019, rubutun Elnathan John da zanen Alaba Onajin, labarin gidan wani fasto a Legas. Irin waɗannan labarai su ne abincin masu karatun Hausa da ma: kishiya, uwar miji, lefe, gadon marayu, ɗan da ya tafi Libiya. Masu biyan kuɗin karatu a Hausa yawancinsu mata ne, kuma su ne masu zanenmu ba su taɓa yi wa aiki ba. Zanen fuskar uwargida a daren da aka kawo amarya, ba tare da ta ce uffan ba, gida uku a jere, abu ne da rubutu zalla zai sha wahala kafin ya kamo.

Harshen kansa kamar don wannan sana'a aka yi shi. Turawa sai sun ƙirƙiro kalmomin ƙara sun rubuta su da manyan baƙaƙe. Mu kuwa a bakinmu suke tun muna goye: ya faɗi tim, ya faɗa ruwa tsundum, ya yi wuf ya kama, ta rufe ƙofa garam, ta ɗauke shi da mari tas, ta wuce fuu. Har shiru muna da sautinsa, wuri ya yi tsit, abin da masu zanen Japan ma suke da irinsa suke rubutawa a jikin hoto. Ga kirari, ga habaici, ga karin magana, waɗanda gajarta ce ƙarfinsu, ita kuma da'irar magana ba ta son dogon zance. Matsala ɗaya ƙarama ce amma mai cin rai: yawancin salon baƙaƙen kwamfuta da aka yi don komik ba su da ƙ da ɗ da ɓ. In ka bar lanƙwasar, ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari. Mai zane ɗaya ya zauna ya ƙera baƙaƙen Hausa na hannu ya saki kowa ya yi amfani da su, ya yi wa sana'ar hidimar da za a daɗe ana mora.

Jos tana da wani abu da Kano ba ta da shi a wannan fage. A nan Hausa harshen kasuwa ce da tasha da coci. Birom da Afizere da Anaguta da Angas suna jin ta, da yawa da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki suke rera waƙoƙin sujada. Wanda Hausarsa ta baki ce, karatun dogon littafi yana ba shi wuya, hoto zai ɗauke masa rabin nauyin. Garin da rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 suka raba unguwanninsa, har yaro ya girma a Gangare bai taɓa shiga gidan abokinsa a Tudun Wada ba, yana da labarai da yawa da ba a ba da su ba, kuma zane yana iya nuna gida biyu a shafi ɗaya. Ga Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da makarantarta a garin nan, inda ɗalibai ke koyon tsara hoto da kusurwar kyamara, ilimin da shi ne ƙashin bayan labarin zane. Ga gidan tarihi da aka buɗe tun 1952, da tsofaffin kawunan yumɓu na Nok masu idanun nan da ba su yi kama da na kowa ba, ga mai neman salon fuska da ba kwaikwayon Japan ba.

Sai dai duk wanda zai shiga, ya shiga da takarda. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka sayar da Superman a kan dala 130. Kamfani ya kwashi dukiyar da ba ta ƙirguwa, su kuma suka tsufa cikin rashi, Shuster idonsa yana mutuwa, sai a 1975 aka ji kunyar duniya aka yanka musu dala 20,000 a shekara aka mayar da sunansu jikin aikin. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya tak na littafin da Superman ya fara fitowa a ciki a kan dala miliyan 6. Bill Finger, wanda ya yi rabin aikin ƙirƙiro Batman, ya rasu a 1974, ba a fara sa sunansa ba sai 2015. Jack Kirby, wanda tare da Stan Lee suka ƙirƙiro Black Panther a 1966, ya rasu a 1994, iyalansa suka yi ta shari'a da Marvel, kamfanin da ya yi wa aikin, har aka sasanta a 2014, bayan Disney ta sayi Marvel a kan kimanin dala biliyan 4 a 2009. Irin wannan ɗacin ne ya sa manyan masu zane bakwai suka fice daga Marvel a 1992 suka kafa kamfanin Image, inda mai aiki ke riƙe da abinsa. Mu nan mun saba da cinikin baki, a harkar fim da waƙa mun ga yadda yake ƙarewa, a ce ai ɗan'uwa ne, sai abu ya yi albarka a fara nuna wa juna yatsa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, ba ta amince da sallama haƙƙi ba sai a rubuce. Marubuciya da mai zane su rubuta tun ranar farko: labarin na waye, fuskokin na waye, in an sayar kashi nawa-nawa, in wani ya zo yana son ya mayar fim wa zai sa hannu.

Na zaunar da yaron na faɗa masa wasu daga cikin waɗannan. Akwai 'yar baffansa da ke rubuta hikaya a waya, tana da zaurenta na masu biya. Na haɗa su. Ita ta sake rubuta maganganun da Hausa, shi ya sake zana babin farko a tsaye don allon waya, baƙi da fari, ya rage shi zuwa abin da zai iya gamawa a mako biyu. Sun yi musu a kan gidan da ɗan damben ya kayar da abokin karawarsa. Shi yana so a rubuta "ya faɗi", ita ta ce a fagen dambe ba a cewa haka, kisa ake cewa, kuma makaɗin ne ya kamata ya faɗa. Ta kuma dage sai an ƙara matar wan da ya ɓata, wadda ke zaune a Rikkos ba ta san ko takaba za ta yi ko jira ba, ta ce in babu ita 'yan zaurenta ba za su biya ba. Na rubuta musu yarjejeniya a fallen takarda, rabi da rabi, na sa hannu a matsayin shaida. Lanƙwasar ƙ da ɗ har yanzu da hannu yake bin su ɗaya bayan ɗaya. Babi na biyu ya kai shafi na uku, jarrabawar WAEC saura wata biyu, Yaya kuma ta ce a ajiye biron sai an gama.